Tambayi likita: ciwon daji a kwakwalwar yaro

Tambaya: Likita barka da aiki. Yarona shekararshi 6, kusan wata biyu kenan kullum da asuba sai ya tashi da ciwon kai ya yi amai, yanzu har tafiya yake yana tangadi. An yi mashi maganin maleriya da taifot har mun gaji. Daga wata uwa a Kofar Marusa.

Amsa: Hajiya Allah ya ba shi lafiya. Ba zan ce maki ga abinda ke damunshi ba tunda ban ganshi ba, amma ciwon kan asuba da amai da tangadi in suka hadu a jikin yaro dole a duba kwakwalwa, musamman in ido ya fara harara-garke ko yana ganin abu bibbiyu. Ki bar kemis haka nan, ki kai shi wajen likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina a leka cikin idonshi, in da hali a yi hoton CT ko MRI. Jarirai su kuma kan ne ke kara girma, madiga ta kumbura.

Tambaya: Likita an yi ma diyata 'yar shekara 5 aiki an cire mata kari a bayan kwakwalwa, sun ce sunanshi medulobilastoma. Ta farfado tana magana, bayan kwana biyu sai ta yi shiru, sai kuka da fada. Kakarta ta ce iska ce mu maida ta gida, kuma wai gashin na'ura da ake kashe kwayoyin daji da shi zai kona mata kwakwalwa. Daga wani uba a Daura.

Amsa: Malam wannan shirun mun san shi sarai, kusan yaro daya cikin hudu da aka yi ma irin wannan aikin yana shiga ciki. Wajen da aka taba shi ke daidaita tafiya da motsin baki, shi ya sa sai ka ga yarinya tana jinka tana ganeka amma maganar ta ki fita, wani lokacin har hadiya na yi mata wuya. Yawanci magana na dawowa cikin makonni ko watanni, da farko a hankali tana jan kalma, wasu kuma dan nauyin bakin ya kan zauna masu. Ku rika yi mata hira, ku nemi masu gashin kashi su koya mata zama da tsayuwa.

Maganar komawa gida kuwa gaskiya ban yarda ba. Wannan ciwon yana bin ruwan kwakwalwa ya gangara cikin laka, ko hoto ya nuna an kwashe shi tas akwai 'yan kwayoyin da ido baya gani, dalilin da ya sa ake gasa kai da kashin baya kenan, wajen sati shida, Litinin zuwa Juma'a, kuma ana son a fara cikin sati hudu zuwa shida bayan aiki, sannan kemo, wato magungunan kashe kwayoyin daji, ya biyo. Tsoron Kaka ba a banza yake ba, gashi na iya rage tsawon yaro da saurin daukar karatu, shi ya sa ma ake kauce mashi ga yaran da basu kai shekara 3 ba. Amma in aka bar shi ciwon dawowa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin kasashe irin namu kuwa ba a kai 30 ba, kuma zuwa a makare da tsayawa tsakiyar magani na cikin manyan dalilai. Ka dauki Kaka ku je tare ta ji daga bakin likitan, tofi da addu'a a ci gaba da su a gadon asibiti, ba wanda zai hana. In kudi ne matsalar ka fadi tun yanzu a hada ku da ofishin jin kai na asibitin.

Tambaya: Dan yayana yana karbar kemo, fuskarshi ta kumbura gashi ya zube, jiya da dare kuma jikinshi ya yi zafi na ba shi farasitamol ya sauka. Ya isa?

Amsa: A'a Gwaggo, bai isa ba. Kumburin fuska da yawan ci aikin maganin rage kumburin kwakwalwa ne, kar ku yanke shi da kanku, a hankali likita ke janye shi. Zubewar gashi ma na kemo ne, yana fitowa. Zazzabin ne ke tada mani hankali, don kemo na karya garkuwar jiki, kwayar cuta kadan sai ta shiga jini cikin awoyi. Ku sayi ma'aunin zafi ku ajiye, da zafin ya kai digiri 38 ko karfe biyun dare ne a tafi asibiti, ku fada masu yana kan kemo. Yau din nan ku kai shi a auna jini.

Tambaya: Ciwon ana dauka ne? Ko faduwar da yaron ya taba yi daga kan gado ce ta jawo?

Amsa: Ba a dauka, kannenshi su ci kwano daya da shi. Faduwa ma bata kawo shi, kuma kalilan ne ake gadonsu daga iyaye.