Peter Collins da babur marar birki

Tambaya: Malam, na ji an ce Peter Collins na Ingila ya zama zakaran duniya a tseren babur marar birki. Yaya mutum zai sha kwana haka?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. An haifi Collins a Mancesta a 1954, ya yi wa ƙungiyar Belle Vue Aces tsere shekara da shekaru, ya ɗauki kambun duniya a Polan a 1976. A 1977 ya zo na biyu da rauni a ƙafa, abin da ya cancanci jinjina.

Sunan wannan tseren sifidiwe. Babur ɗinsa silinda ɗaya ne, cc 500, giya ɗaya, man metanol yake sha. Mutum huɗu ke zagaye fili sau huɗu, kullum hagu suke karyawa. A bakin kwana mahayi ya ɗan sassauta totur, ya kwantar da babur, tayar baya ta zame gefe tana watso ƙasa, takalmin ƙarfe na ƙafar hagu yana gogar fili. Wannan zamewar ita ce birkinsa. Haɗarin shi ne sakin totur gaba ɗaya a tsakiyar kwana: nan take taya ta kama ƙasa, babur ya miƙe ya nufi shinge.