Amsa ga sabon majistare kan aikin binciken musabbabin mutuwa

Assalamu alaikum, ƙanena. Takardarka ta iso ni, na kuma ga tambayar da ka yi bayan an sanar da kai cewa binciken musabbabin mutuwa ya shiga cikin ayyukan kotunka. Ka ce kai shari'a ka karanta, ba ka taɓa zama ajin likitanci ba, saboda haka kana so ka san abin da ake nema daga gare ka, da kuma yadda za ka yi idan dangin mamaci suka cika ƙofar ofishinka suna neman a ba su gawa su yi mata sutura kafin azahar. Zan amsa maka gwargwadon abin da na sani daga shekarun da na yi a kan wannan kujera.

Tambayoyi huɗu ake so ka amsa: wane ne ya rasu, yaushe ya rasu, a ina, kuma ta wace hanya ajali ya same shi. A zaman da za ka yi babu mai ƙara, babu wanda ake ƙara, kuma ba ka da ikon ɗaure kowa ko yanke diyya. Idan bincike ya nuna akwai hannun mutum a mutuwar, za ka rubuta abin da ya tabbata, ka miƙa wa ma'aikatar shari'a, ita ce za ta ga ko za ta gurfanar da wani. Idan kuwa an riga an tuhumi wani da kisan a gaban kotu, sai ka dakatar da naka zaman har a gama waccan shari'a. Sababbin majistarori da yawa wannan ne yake ba su wahala, domin hannunsu ya saba da hukunci, sai su riƙa yi wa shaida tambaya kamar shi ne mai laifi, shi kuma ya tsorata ya rufe bakinsa, a tashi ba a sami abin da aka zo nema ba.

Daga Ingila muka gaji wannan ofishi. A can an kafa shi a 1194, zamanin Sarki Richard na Ɗaya, kuma a farkonsa kare kuɗin shigar sarki ne babban aikinsa, domin dukiyar wanda aka samu da kisa tana komawa baitulmali. A hankali aikin ya koma na gano gaskiyar mutuwa. A yau dokar Ingila ta 2009 ta ce sai lauyan da ya shekara biyar yana aiki za a naɗa a muƙamin, a wasu gundumomin Amurka kuwa zaɓen mutum ake yi da ƙuri'a ko da ba likita ba ne, a wasu kuma an damƙa aikin gaba ɗaya ga likitoci. Maƙwabtanmu na Nijar, da suka gaji tsarin Faransa, mai gabatar da ƙara ne yake ba da umarnin a duba gawa. Mu a nan majistare ne yake riƙe aikin a kan sauran ayyukansa, saboda haka hanyar da ka bi ta jami'a da makarantar lauyoyi da naɗin hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ita ce hanyar shiga, sauran ilimin kuwa a bakin aiki ake samunsa.

Ba kowace mutuwa ce take zuwa gabanka ba. Tsohon da ya yi jinya a asibiti har rai ya yi halinsa, likitansa zai rubuta takardar shaidar mutuwa, ba ruwanka. Naka shi ne mutuwar fuju'a da ba a san dalilinta ba, da ta haɗari, da ta duka ko makami ko guba, da gawar da aka tsinta, da wadda ake zargin sakacin ma'aikatan lafiya, da duk wanda ya rasu a hannun hukuma, ko a gidan yari ko a ofishin 'yan sanda. Wannan na ƙarshe kada ka taɓa sassauta masa, ko da takardar da aka kawo maka ta ce zazzaɓi ne. Mutumin da aka kulle ba shi da mai ganin abin da ya same shi sai waɗanda suka kulle shi, don haka doka ta wajabta bincike a kansa. Ka je da ƙafarka ka ga gawar, ka sa a juya ta a gabanka, ka dubi wuyan hannu da idon sawu da tafin ƙafa da gadon baya, ka nemi littafin da ake rubuta shiga da fitar tsararru, ka kuma ji ta bakin waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi ba tare da mai gadinsu yana tsaye a kansu ba.

Batun rashin ilimin likitanci kada ya dame ka, amma kada ka sa shi ya zama uzuri. Buɗe gawa aikin likita ne wanda ya ƙware a binciken cututtuka da sassan jiki, irin waɗanda ake horarwa a asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, kuma bayan digirinsa sai ya ƙara shekaru yana neman wannan ƙwarewa. Kai ne kake ba shi umarni a rubuce, kai ne kuma za ka auna rahotonsa da sauran shaidu, saboda haka dole ka san abin da za ka tambaye shi. Gawa takan fara sandarewa cikin 'yan awoyi, daga muƙamuƙi da wuya zuwa ƙasa, ta gama ƙagewa a wajen awa 12, sannan ta sake saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a zafin bazara irin namu duk wannan yana gudana da sauri fiye da yadda littattafan ƙasashen sanyi suka rubuta. Jini kuma yakan kwanta a ɓangaren jikin da yake ƙasa, ya bar duhu a fata, bayan wasu awoyi ya zauna ba ya sake motsi. Idan ka tarar da mutum a rigingine alhali duhun yana ƙirjinsa da cikinsa, to an juya shi ko an ɗauko shi daga wani wuri bayan ya cika.

Akwai waɗanda za ka riƙa gani a kai a kai. Iyali guda su kwanta lafiya a wayi gari babu mai motsi, unguwa ta ɗauka da maganar sammu ko abincin da kishiya ta aiko, alhali janareta ne aka kunna a cikin soro ko a bakin taga aka rufe ƙofa. Hayaƙinsa yana mayar da jini ja jawur, kuma a baƙar fata ba a cika ganin hakan ba sai an duba farce da cikin leɓe, sannan gwajin jini ya tabbatar. Wanda aka samu a ƙone, abin da likita zai duba shi ne ko akwai baƙin hayaƙi a maƙogwaro da hanyar numfashi, domin wanda ya riga ya mutu kafin wuta ta tashi ba ya shaƙar komai. Wanda aka ce ya rataye kansa, sawun igiya yakan hau sama ta bayan kunne zuwa wajen ƙulli, na wanda aka shaƙe kuwa yakan zagaye wuya a kwance. Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ta isa hujja ita kaɗai, kuma likita nagari zai gaya maka iyakar abin da ya gani, ya ce wannan yana yiwuwa, wannan bai tabbata ba. Irin wannan likita nake girmamawa fiye da wanda yake da amsar kowace tambaya.

Yanzu ga dangin mamaci, inda na ga hankalinka ya fi tashi. Ka fara da sanin cewa suna da gaskiya. Addini ya yi umarni a gaggauta jana'iza, hadisi kuma ya nuna karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, saboda haka mutumin da ya ƙi a taɓa gawar ɗansa ba jahilci ne ya sa shi ba, kuma kada ka bari wani ma'aikacinka ya yi masa magana kamar mai hana hukuma aiki. Ka shigo da manyansu ofis, ka ba su wurin zama, ka yi musu ta'aziyya tukuna. Sannan ka bayyana musu abin da kake shakka a kai da harshen da za su gane, ka kuma sanar da su cewa malamai sun yi magana a kan wannan mas'ala, domin majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa a shekarar 1396 ta hijira cewa ya halatta a buɗe gawa don gano gaskiyar laifi ko don gane annoba. Idan limaminsu ko mai unguwa yana wurin, ka sa shi cikin maganar, sau da yawa kalma ɗaya daga bakinsa ta fi takardarka aiki.

Amma haƙƙin da suke da shi a kanka shi ne sauri. Ba kowace gawa ce take bukatar wuƙa ba. Wanda mota ta kaɗe a gaban jama'a, raunin a bayyane, shaidu sun haɗu a kan magana ɗaya, duban waje da hotuna da ɗibar jini sukan wadatar, ka sa hannu a ba su ɗan'uwansu a ranar. Inda kuwa shakka take da ƙarfi, ka tsaya a kan umarninka ko wane ne ya kira ka a waya, amma ka kira likita da kanka, ka tsayar da lokaci, ka tabbata an ɗinke jikin da kyau an rufe al'aurarsa, idan mace ce a sami mata a wurin. Babu abin da ya sa mutanenmu suka tsani wannan aiki kamar gawar da aka bari kwana da kwanaki a mutuware tana jiran sa hannun wani, ga wutar lantarki ba ta tsayawa. Ka kuma tuna musu a hankali cewa doka ta ba ka ikon sa a tono kabari idan magana ta taso daga baya, kuma jinkirin yini ɗaya ya fi wannan sauƙi a kan kowa.

Amfanin aikin ya wuce gida ɗaya. A ranar 12 ga Satumba 2014 wani masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufta a Ikotun ta Legas, mutum 116 suka rasu, mafi yawansu 'yan Afirka ta Kudu. An yi ta yaɗa cewa wani jirgin sama da ya yi shawagi a kan ginin ne sanadi. Majistare Oyetade Komolafe ya zauna watanni yana sauraron injiniyoyi da likitoci da jami'an tsara birni, a watan Yuli 2015 ya bayyana cewa ginin ne ba shi da ƙwari kuma ba a sami izinin hukuma a kansa ba, ya ba da shawarar a gurfanar da waɗanda suka gina shi. Legas ta iya yin haka ne domin ta sabunta dokarta a 2007, ta kafa ofishin babban likitan binciken gawa. Ka kwatanta da Kano a watan Afrilu 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita aka binne mutane ba tare da an duba su ba, har sai da jami'an lafiya suka bi gida gida suna tambayar iyalai alamomin da mamatan suka nuna, daga baya ministan lafiya ya ce fiye da rabinsu suna iya kasancewa da alaƙa da cutar korona. Ni a ganina jihohinmu na Arewa suna bukatar sabuwar doka da za ta tanadi kuɗin gwaji da wa'adin sakin gawa, domin a yanzu sau da yawa dangi ake cewa su biya, wanda ba shi da hali kuma sai ya ce ya bar wa Allah. A Ingila, idan alƙalin binciken ya ga haɗarin da zai iya sake cin rai, yana rubuta wa hukumar da abin ya shafa, ita kuma dole ta amsa cikin kwana 56. Ko dokarmu ba ta tilasta amsa ba, kai ka rubuta shawararka a ƙarshen kowane rahoto, ko murfin rijiya ne, ko shingen kududdufi, ko gyaran wata kwana a hanya.

Aikin ba ya ƙara albashi sosai, yana kuma cin dare da ranakun hutu, kuma akwai abin da za ka gani, musamman gawar ƙananan yara, da zai hana ka cin abinci. Ka sami abokin aiki da za ka riƙa magana da shi, kada ka kai hotunan aiki gida, kada ka bari su zauna a wayar kowa. Ka rubuta komai a lokacin da ka gan shi, da awa da sunan wanda ya miƙa da wanda ya karɓa, musamman kwalaben jini da kayan da aka cire daga jikin mamaci, domin lauya zai iya rusa shari'ar kisa gaba ɗaya idan aka rasa wanda ya riƙe kwalba ɗaya na tsawon yini. Kafin gawar farko ta zo maka, ka karanta dokar jiharka daga farko har ƙarshe, ka ziyarci likitan da za ku yi aiki tare ka karɓi lambarsa, ka kuma zauna da shugabannin 'yan sandan yankinka ku daidaita yadda rahoto zai riƙa iso maka cikin awa ɗaya ko biyu. Allah ya yi maka jagora, ka gaida mutanen gida.