Rabin Aji Ya Cika Maƙil, Malama Ɗaya: Me Iyaye Za Su Iya Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Rigasa. Na sa ɗana mai shekara 5 a rabin aji na firamaren gwamnati da ke unguwarmu. Ajin cike yake maƙil, malama ɗaya ce, yara na zaune a dandaryar siminti, kullum ABCD da 123 ake ta rerawa har a tashi. Ba ni da halin makarantar kuɗi. Akwai abin da mu iyaye za mu iya yi, ko sai dai mu zuba wa gwamnati ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai, kuma mafi amfaninsa ba ya buƙatar ko sisi.

Da farko ki san cewa ajin nan haƙƙin ɗanki ne, ba alfarma aka yi muku ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Ƙa'idar da aka rubuta ita ce malama ɗaya ga yara 25, a koyar da su ta hanyar wasa. Ki gwada wannan da abin da kika gani da idonki.

Kada kuma ki yi saurin ganin laifin malamar. Mace ɗaya a gaban yaran da suka cika ɗaki, wannan na kuka, wancan na jin fitsari, wani ya ƙwace wa wani alawa, dabarar da ta rage mata ita ce ta sa su rera abu ɗaya baki ɗaya. Matsalar ita ce yaro zai iya rera ABCD har Z bai gane harafi ko ɗaya ba idan aka nuna masa. Abin da ɗan shekara 5 ya fi buƙata shi ne babban mutum da zai yi masa magana, ya saurare shi, ya tambaye shi, ya ba shi abin taɓawa da hannu. Wannan kuwa unguwa tana da shi fiye da ma'aikatar ilimi.

Ga abin da nake ba da shawara a fara da shi. Ku haɗu ku iyaye mata, ku tsara karɓa-karɓa: kowace rana mata biyu su shiga aji na awa ɗaya ko biyu, da izinin hedimasta. A raba yara gida uku. Malama ta riƙe kashi ɗaya tana nuna musu haruffa. Uwa ɗaya ta zauna da kashi na biyu a kan tabarma, ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ta kawo ta Gizo da Ƙoƙi, in ta kai tsakiya ta tsaya ta ce, "To, me kuke gani Gizo zai yi?" Wannan tambayar ita ce karatun, domin yaro na tunani yana haɗa zance da bakinsa. Ɗaya uwar ta zube wa kashi na uku marafen kwalba a ƙasa, yara su ware ja daban, kore daban, su ƙirga biyar-biyar, su faɗi wane tsibi ya fi yawa. Marafe nake cewa, ban ce tsakuwa ko wake ba, saboda ƙananan yara na cusa su a hanci da kunne. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya duk wannan, kakanni ma sun fi kowa iya tatsuniya. Sharaɗi biyu ne ba sassauci: ba duka, kuma ba mai keɓewa da yaro shi kaɗai.

Amma kada ku yi abin a kan baki kawai, ku shigar da shi ta kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC. Kowace firamaren gwamnati ya kamata a ce tana da shi, kuma Kaduna na cikin jihohi 6 da shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya yi aikin ƙarfafa waɗannan kwamitoci. A cikin kwamitin akwai hedimasta, wakilin mai unguwa, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a da wakilan mata. Sau da yawa dai maza ke cika zaman, maganar kuma ba ta wuce katanga da rufin kwano, a manta da 'yan ƙananan da ke can ƙuryar makaranta. Ki tambayi hedimasta wace ce wakiliyar mata da ranar zama na gaba, ku je da yawanku, ku nemi a rubuta rabin aji cikin tsarin bunƙasa makaranta na shekara.

Kayan aiki kuwa, tabarmi sun fi benci dacewa da wannan ajin. Ku fara da su, da randar ruwan sha mai murfi, da buta da sabulu, da fo. Kafinta na da guntayen katako da zai goge su zama kayan gini, tela na da ƙyallayen da za a ɗinka 'yar tsana. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kada a yanka wa iyaye kuɗin dole, don ranar da aka yi haka talakan cikinku ne zai fara janye ɗansa.

Abin da ba zan so ku ɗaukar wa kanku ba shi ne albashin malami da ginin aji. Wannan nauyin gwamnati ne, in kuka saba ɗauka za a bar muku shi. Kwamiti ya rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Igabi, tunda Rigasa a ƙarƙashinta take, a aika kwafi ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A sa adadin yaran da ke rijista, da adadin masu zuwa kullum, da hoton ajin. A nemi ƙarin malama mai NCE da ta karanci renon ƙananan yara, da mai taimaka mata. Mai unguwa da liman su sa hannu, a karɓo shaidar cewa takarda ta shiga, bayan mako biyu mutum biyu su koma su ji inda aka kwana.