Matar da ke cikin ruwa a zanen Ophelia: da gaske ne mijinta ya tone kabarinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da wani zane a Facebook, wata mace kwance a cikin rafi, furanni sun kewaye ta, hannuwanta a buɗe. A ƙasan hoton an rubuta wai sanyin ruwan da aka kwantar da ita a ciki don a zana ta ne ya yi ajalinta. Wai kuma mai zanen mijinta ne, ya binne waƙoƙinsa tare da ita, daga baya ya koma ya tone kabarin ya kwaso abinsa. Ni abin ya yi mini kama da tatsuniya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Daga wata ɗalibar adabi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya tana ciki, sai dai wanda ya yi rubutun ya ɗauki labari biyu ya dama su a ƙwarya ɗaya. An kwantar da matar a ruwa, ta kuwa kamu da mura mai tsanani. An binne waƙoƙi tare da ita, an kuma tono su. Amma wanda ya yi zanen daban, mijin daban, kuma tsakanin kwanciyar ruwan da rasuwarta akwai shekara goma cur. Sunanta Elizabeth Siddal. Mai zanen John Everett Millais ne, mijin kuma abokinsa ne, Dante Gabriel Rossetti, wanda shi ma mai zane ne kuma marubucin waƙa.

Su wane ne waɗannan mutane? A 1848, Sarauniya Biktoriya tana da shekara goma sha ɗaya a kan gadon sarautar Ingila, wasu samari bakwai suka haɗu a gidan iyayen Millais da ke titin Gower a Landan suka kafa ƙungiya a ɓoye. Jagororinsu uku ne: Millais mai shekara 19, Rossetti mai 20, da William Holman Hunt mai 21. Sun gaji da abin da ake koyarwa a Royal Academy, babbar makarantar zane ta ƙasar, inda aka ɗauki Raphael, gwanin Italiya da ya rasu a 1520, a matsayin wanda ba a wuce shi. Su a ganinsu masu kwaikwayonsa sun mayar da zane aikin haddace: duhu a gefe, haske a tsakiya, fuskoki duk iri ɗaya. Sai suka ce za su koma ga yadda ake yi kafin Raphael, launi tangaran, kowane ganye a zana shi yadda Allah ya halicce shi, kowace fuska ta zama ta wani mutum ne da ke raye. Daga nan sunansu ya fito, Pre-Raphaelite Brotherhood, wato 'yan'uwantakar kafin Raphael, suna sa haruffan PRB a jikin aikinsu. Sun sha zagi. Charles Dickens da kansa ya yi wa wani zanen Millais wankin babban bargo a mujallarsa a 1850, sai a 1851 ne mashahurin mai sharhi John Ruskin ya tsaya musu da wasiƙu a jaridar The Times.

Wannan aƙida ta sai an gani da ido kafin a zana ita ce ta kai Siddal cikin baho. Ophelia budurwa ce a wasan Hamlet na Shekisfiya, wadda ta zauce bayan saurayinta ya kashe mahaifinta, ta faɗa rafi tana waƙa har ruwa ya ci ta. A wasan ba a nuna mutuwar a dandali, ba da labarinta kawai ake yi. Millais ya ce shi zai nuna. Ya fara da rafin tukuna. A 1851 ya tare a bakin kogin Hogsmill a yankin Surrey kusan wata biyar, yana zama har awa goma sha ɗaya a rana, ƙudaje na cizonsa, wani mai gona yana yi masa barazanar sammaci saboda tattake masa ciyawa. Da sanyi ya shigo sai aka yi masa 'yar bukka ya ci gaba. Idan kika ƙara girman hoton a wayarki za ki ga abin da nake nufi, don masana tsirrai suna iya kiran sunan furannin ɗaya bayan ɗaya. Har wani ɓeran ruwa ya zana yana iyo, amma da aka nuna wa dangi aka rasa wanda ya gane ko mene ne, wani ya ce zomo, wani ya ce kare, sai ya shafe shi da fenti.

Ya dawo Landan da rafi ba mace. Siddal a lokacin tana da shekara 22, 'yar talakawa ce, tana aiki a shagon ɗinka hulunan mata, inda wani mai zane, Walter Deverell, ya hango ta wajen 1849. Doguwa ce mai jan gashi, irin kamannin da mutanen zamanin ba su ɗauka kyau ba sai da waɗannan samari suka mayar da shi abin yayi. Millais ya sayo wata tsohuwar riga mai aikin zaren azurfa a kan fam 4, ya cika bahon wanka da ruwa a ɗakin aikinsa, ya jera fitilun mai a ƙarƙashi don ruwan ya zauna da ɗumi, ita kuma ta riƙa shiga da rigar tana kwanciya, a tsakiyar hunturun Landan. Wata rana fitilun suka mutu. Shi hankalinsa ya tafi ga buroshi bai lura ba, ita kuma ba ta ce uffan ba har jikinta ya sandare. Ta kwanta ciwo, mahaifinta ya yi barazanar kai ƙara yana neman fam 50, a ƙarshe Millais ya biya kuɗin likita aka rufe maganar. Ta warke. An baje zanen a 1852, yanzu yana gidan ajiyar zane na Tate Britain a Landan.

To me ya kashe ta? Wani magani da ake kira lodanam, ruwan ofiyam ne da aka jiƙa a barasa. A Ingila ta wancan lokaci ana sayar da shi a kowane kanti ba tare da takardar likita ba, ana sha don ciwon kai, don rashin barci, har jarirai ake ɗiga wa. Kusan yadda maganin tari mai kodin ya zama a wurinmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Sai a 1868 aka yi dokar da ta fara taƙaita sayar da shi a can. Siddal ta daɗe tana fama da rashin lafiya, ta kuma daɗe tana shan wannan magani. Rossetti ya riƙe ta kusan shekara goma, yau aure gobe aure, yana kuma bin wasu matan da yake zanawa. Sai a watan Mayu 1860, da ya ga jikinta ya yi tsanani, aka ɗaura auren a garin Hastings. A 1861 ta haifi 'ya mace ba rai, daga nan ba ta sake komawa daidai ba. Daren 10 ga Fabrairu 1862 suka ci abinci a waje tare da mawaƙi Swinburne, Rossetti ya raka ta gida ya sake fita, ya dawo ya tarar da ita ba ta motsi, kwalbar maganin babu komai a ciki. Ta cika da safiyar 11 ga wata tana da shekara 32. Binciken hukuma ya ce kuskure ne. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa da gangan ta sha, amma hukuncin da aka rubuta ke nan.

Yanzu ga wurin da ya yi miki kama da tatsuniya. Rossetti yana da wani kundi mai bangon fata inda ya kwafe waƙoƙinsa da niyyar bugawa. Kafin a rufe akwatin gawar ya cusa shi tsakanin kumatunta da gashinta. Dalilin da ya ba abokansa shi ne ya sha zama yana gyaran waɗannan baitoci alhali tana kwance tana jin jiki, lokacin da ya kamata a ce yana kula da ita. Aka kai ta maƙabartar Highgate a arewacin Landan, kabarin iyalin Rossetti.

Shekara bakwai suka wuce. Idanunsa suka fara ba shi tsoro, yana ganin makanta ce ke tafe, wanda kuwa zai makance zane ya ƙare masa, saura waƙa. Abokansa Swinburne da William Morris sun riga sun yi suna da littattafansu. Ga kuma sabuwar soyayya da ta sa shi komawa rubutu, da Jane, matar shi wannan Morris ɗin. Yana son fitar da littafi, amma wasu daga cikin manyan waƙoƙinsa ba shi da cikakken kwafinsu sai wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Wani dillalinsa, Charles Augustus Howell, mutumin da kowa ya sani da iya shirya zance, shi ya zuga shi, shi ya kuma shige gaba. Aka samo izini daga ministan cikin gida, aka ɓoye wa mahaifiyar Rossetti, alhali kabarin na gidanta ne. A wani dare cikin Oktoba 1869 aka hura wuta a gefen kabarin aka tono akwatin. Rossetti bai je ba, ya zauna a gidan Howell yana jira. Saboda haka ko maganar cewa shi ya je ya tone da hannunsa ba daidai ba ce, aikawa ya yi, kuma a ganina wannan bai rage masa komai ba.

Howell ya dawo da labarin wai gawar tana nan kamar ranar da aka sa ta, wai gashinta ya ci gaba da tsiro har ya cika akwatin. Wannan ƙarya ce irin ta lallashi, gashi ba ya tsiro bayan mutuwa. Kundin kansa ya tona asirin. Ya jiƙe sharkaf, sai da wani likita ya yi kwanaki yana wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta yana shanya shi shafi shafi, kuma Rossetti da kansa ya rubuta cewa tsutsa ta huda shi, ramin ya bi ta cikin waƙar da ya fi buƙata, mai suna Jenny.

Littafin ya fito a 1870, ya kuma yi kasuwa. Ko ya cancanci tone kabari? Waƙoƙin suna da nauyi, musamman jerin gajerun waƙoƙi masu layi 14 da ya kira The House of Life, waɗanda ya cika su 101 a 1881, amma yawancin waɗannan sababbi ne, ba daga kabarin suka fito ba. Shi kuwa bai ci ribar abin ba. A 1871 wani marubuci, Robert Buchanan, ya ɓoye sunansa ya buga sharhi yana cewa waƙoƙin na sha'awar jiki ne kawai, batsa ce aka yi wa ado. Mutumin da zuciyarsa ta riga ta cika da zargin kai bai iya ɗauka ba. A 1872 hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci, ya sha lodanam da yawa, da ƙyar aka ceto shi. Ya ƙarasa rayuwarsa cikin shan wani maganin barci da ake kira kuloral haɗe da barasa, ya rasu a 1882 yana da shekara 53. Millais kuwa, mai bahon, ya bar tawaye tun da wuri, ya yi arziki, ya samu sarauta a 1885, ya kuma rasu a 1896 yana shugaban makarantar nan da suka yi wa bore.

Abin da ya fi damuna da irin rubutun da kika gani, Malama, shi ne a cikinsa Siddal ba ta yin komai sai kwanciya, a baho da farko, a akwati daga baya. Alhali mai zane ce. Ta fara koyo wajen 1852, a 1855 kuma Ruskin, wanda ba ya yabo da arha, ya yanka mata fam 150 a shekara a kan duk abin da ta zana ya zama nasa. Ita da kanta ta ajiye kuɗin bayan shekara biyu don ba ta son a riƙa juya ta. A baje kolin da 'yan ƙungiyar suka yi a Landan a 1857 ita kaɗai ce mace, wani Ba'amurke, Charles Eliot Norton, ya sayi zanenta mai suna Clerk Saunders. Ta kuma rubuta waƙoƙi goma sha wani abu, gajeru, masu ɗaci, yawancinsu a kan namijin da ke son fuska ba ya son mai fuskar. Ba a buga ko ɗaya ba tana raye. Ba zan ce miki ta kai Millais iya hannu ba, jikin mutanenta yakan fito a sandare, alamar wadda ba ta samu makaranta da wuri ba. Amma launinta da yadda take matse mutane a ƙuntataccen ɗaki nata ne, har ana ganin tasirinsa a ƙananan zanen Rossetti na waɗannan shekaru.

Wadda ta fara gane wannan matsala ƙanwar mijin ce, Christina Rossetti, wadda ni a wurina ta fi yayanta iya waƙa nesa ba kusa ba. A Disamba 1856 ta rubuta wata waƙa mai suna In an Artist's Studio. Ma'anarta a taƙaice: fuska ɗaya ce ke leƙowa daga duk allunansa, yau sarauniya, gobe waliyyiya, jibi mala'ika, yana ci daga fuskar dare da rana, amma abin da yake zanawa ba ita ba ce yadda take, macen mafarkinsa ce. Ba a buga waƙar ba sai 1896, bayan ita da yayan da matar duk sun rasu. Tunda adabi kike karantawa, ki nemo ta, layi 14 ce kawai, ki ajiye ta kusa da zanen Beata Beatrix da Rossetti ya yi wa matarsa bayan rasuwarta, wanda shi ma yana Tate. Sannan ki nemi hoton da Siddal ta zana kanta da kanta wajen 1853 zuwa 1854 ki kwatanta fuskokin biyu. Clerk Saunders kuma yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Kambirij, ana samun hotonsa a intanet.