Tambaya da Amsa: Kafin Ka Kai Kuɗinka Shagon Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, yawancin saƙonnin da ke zuwa wannan fili suka koma na sola. Abin ya ƙara yawa bayan duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoban 2024, lokacin da layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Mando yake lalace, ɗayan da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya sami matsala, jama'a suka kwashe fiye da mako guda suna yawon neman wurin cajin waya. Ga wasu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Wani magidanci daga Rigasa ya ce, "Ƙwan lantarki shida nake da su, da fanka uku, da talabijin. Wani mai shago ya ce sai na sayi batir huɗu, wani kuma ya ce biyu sun ishe ni. Wa zan bi?"

Amsa: Malam, kowannensu yana iya zama mai gaskiya, ya danganta da irin ƙwai da fankar da ke gidanka. Ɗauko biro mu yi lissafi tare. Fankar sama irin wadda muka saba da ita tana cin kimanin wat 75. In guda uku suka yi awa goma suna juyawa, kamar yadda ake yi a zafin Maris da Afrilu, an ci wat-awa 2,250 (wat-awa shi ne wat sau yawan awoyin da abu ya yi a kunne). In ƙwanka irin mai zafin nan ne na wat 60, guda shida a awa biyar sun ci 1,800. Talabijin matsakaiciya, a ce wat 50 awa biyar, 250 ke nan. Jimla 4,300 a dare guda. Shi kuwa dogon batirin ruwan nan na 12V 200Ah, a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato 12 sau 200, amma in ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, wato 1,200. Ka ga mai cewa huɗu bai yi maka ƙarya ba.

To yanzu canja kayan. Fankar DC, wadda ake ce wa fankar sola, wat 30 ko kusa da haka take ci, guda uku a awa goma sun tashi 900. Ƙwan LED na wat 9 yana ba da hasken da na wat 60 ke bayarwa, guda shida a awa biyar 270 kacal. Haɗa da talabijin, ka sami 1,420. Ko an ƙara abin da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ke ci wa kanta, batir biyu sun ishe ka har da rara. Kuɗin fanka uku da ƙwai shida bai kai na batir biyun da ka tsallake ba, kuma batir bayan 'yan shekaru sai ka sake saye, fanka kuwa tana nan. Shi ya sa nake nanata wa duk mai tambayata cewa ya fara rage abin da gidansa ke ci tukuna, sannan ya je ya yi cinikin batir.

Game da faranti, wato allon da ke mayar da hasken rana wuta, na wat 550 a ranar Kaduna yana tara kimanin wat-awa 2,000 a yini. A watan Agusta, da hadari ke wuni a sama, abin yana raguwa sosai, don haka ka sa biyu. Kuma don Allah, duk mai haɗa sola da ya tare ka da "nawa ne a hannunka?" bai tambaye ka abin da za ka kunna da awa nawa za ka kunna shi ba, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Unguwar Rimi ta ce, "Adashi na kwasa. In sayi batirin ruwa mai sauƙin kuɗi, ko in daure in sayi litiyom?"

Amsa: Malama, in kuɗin zai kai, sayi litiyom, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, kuma mai kyau yana jure caji da saukewa sau dubbai. Na kilowat-awa 5 (wato wat-awa 5,000) guda ɗaya yana ba ki kusan abin da batirin ruwa huɗu za su ba ki, ga shi ba ya neman ruwa, ba ya cin wuri. Batirin ruwa kuwa, a yadda muke wahalar da shi a gidajenmu, shekara biyu zuwa huɗu ake samu a kansa.

Sai dai kasuwar litiyom ta cika da algus, wannan kuwa yana ci mini rai ƙwarai, domin kuɗin marasa ƙarfi ne ke salwanta. Ana tattaro tsofaffin ƙwayoyin batir a zuba su cikin sabon akwati mai sheƙi, a manna takarda, a sayar a matsayin sabo. In aka gaya miki farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ki tuna araha ba ta ado. Ki nemi rasit da aka rubuta lambar batirin da shekarun garanti a kansa, daga shagon da ke da mazauni, wanda in abu ya ɓaci kin san inda za ki koma. Ki zaga shago uku aƙalla, domin farashin yana bin dala.

In kuma batirin ruwan ne daidai aljihunki, babu laifi, sai dai yana son kulawa. A saman kowane murfinsa akwai ɗan tsinke mai nuna yawan ruwa, in ya sauka kusa da jan layi a ƙara. Tataccen ruwan nan na ƙara wa batir kawai ake zubawa, ba asid ba, ban da na rijiya, ban da fiya wata. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, a sa shi inda iska ke shiga tana fita. Kada kuma a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kawo mai sayar da ƙanƙara da kunun aya ta ce man janareto yana cinye ribarta, tana so ta mayar da firizarta kan sola.

Amsa: Hajiya, sana'arki tana cikin waɗanda sola ta fi yi wa rana, domin lokacin da rana ta fi ƙwallewa shi ne lokacin da ake neman sanyi. Dabarar ita ce firiza ta yi babban aikinta daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye. Da dare ki kashe ta ko ki rage mata aiki, ki bar ta a rufe. Ki jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare da rana, su ne za su riƙe miki sanyin har asuba. Ajiye sanyi a cikin ƙanƙara ya fi ajiye wuta a batir sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, don haka ki fi zuba kuɗinki a faranti.

Abu biyu za ki kiyaye wurin saye. Injin firiza yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar ko fiye a daidai lokacin da zai tashi, saboda haka ƙaramar inbata za ta riƙa yankewa. Sannan ki ce a ba ki inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta NEPA, domin masu arahar nan suna sa injin ya riƙa gurnani yana zafi har ya ƙone. Kafin duk wannan, duba robar bakin murfin. Sa takarda ki rufe a kanta ki ja. In ta zare salin-alin, sanyinki ta nan yake tsiyayewa, a canja robar. Ki janye firizar daga jikin bango, ki kuma raba ta da inda rana ke dukanta.

Tambaya: Wani tela daga Tudun Wada yana tambaya ko sola za ta ɗauki kekunan ɗinki biyu da dutsen guga.

Amsa: Ɗan'uwa, kekunan za ta ɗauka, musamman in ka cire tsohuwar motar nan mai juyawa ko ba a ɗinki, ka sa irin ta zamani da ake ce wa sabo-moto, wadda sai ka taka take cin wuta. Dutsen guga shi ne matsalar, wat 1,000 ne zuwa sama. Ka tara gugarka ka yi ta da tsakar rana, ko ka riƙe na gawayi. Kada ka ɗora shi a kan batir da dare.

Tambaya: Wani daga Barnawa ya ce tun shigowar Disamba batirinsa ba ya cika, yana zargin an sayar masa da jabun faranti.

Amsa: Alhaji, kafin ka je ka yi rigima da mai shago, sa a hau a duba. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashin har mutum ya rubuta sunansa da yatsa, ga hazon da ke tare ranar tun daga sama. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi, sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A duba ko inuwar tankin ruwa, ko ta dish, ko ta reshen mangwaro tana faɗawa a kansa, domin inuwa a kusurwa ɗaya tana rage ƙarfin farantin gaba ɗaya. Mu nan Kaduna faranti kudu yake kallo, wato hannun damanka in ka fuskanci gabas, a ɗan kishingiɗe shi digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. In kwantirolarka, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, irin wadda ake ce wa PWM ce, canja ta zuwa irin wadda ake ce wa MPPT zai ƙaro maka wuta daga farantin da kake da shi. Tunda an hau, a ƙara ɗaure ƙarafunan kafin iskar farkon damina, a kuma tabbatar an sa na'urar kariya daga tsawa da wayar da ake binnewa a ƙasa.