Ka faɗa mini gundumar, ba sunan jiha kawai ba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka gurbin karatu a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, kana son sanin ko wurin na da daɗin zama. Wane wurin? Jihar nan gundumomi 100 ce, daga bakin tekun Atilantika har duwatsun yamma, tafiyar yini guda a mota. Ka duba garin da ke kan takardarka, ka nemo gundumarsa, domin a nan ake yanke harajin motarka, a nan ake tafiyar da makarantun yara da ofishin lafiya.

In ka faɗo tsakiyar jiha, ka gode wa Allah. A gundumar Guilford garin Greensboro yake, inda 'yan Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka daɗe da zama. Akwai masallatai, akwai naman halal, ga jami'ar NC A&T da UNC Greensboro. Wake, mai Raleigh, da Mecklenburg, mai Charlotte, kowacce ta haura mutum miliyan ɗaya. Aiki ya fi yawa a can, amma kuɗin haya zai cinye rabin abin da ka samu in ba ku haɗu kun kama ɗaki ba. Jirgin ƙasa na haɗa garuruwan uku kullum. Kada ka rikita Greenville da Greensboro: Greenville yana gundumar Pitt, can gabas, kusan awa biyu da rabi tsakaninsu.

Gabashin ne nake so ka buɗe kunne a kai. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadama, gonaki ne iya ganinka. A gundumomin Duplin da Sampson aladu sun ninka mutane yawa, kuma a garin Tar Heel na gundumar Bladen akwai ɗaya daga cikin manyan mayankan alade na duniya. Duk wanda ya ce zai sama maka "aikin kamfanin nama", ka tambaye shi naman me. Ka kuma sani bizar ɗalibi ba ta yarda da irin wannan aikin ba sam. Awa 20 a mako aka ba ka, a cikin makaranta. Sannan ga guguwar teku daga Yuni zuwa Nuwamba. Ruwa ya ci Lumberton da ke gundumar Robeson a 2016, ya sake ci a 2018. Inshorar 'yan haya da aka saba saya ba ta biyan ɓarnar ambaliya, don haka kada arha ta ja ka ɗakin ƙasa kusa da kogi.

Yamma duwatsu ne. Boone, a gundumar Watauga, ya kai mita 1,000 sama da teku, da dusar ƙanƙara. Guguwar Helene ta Satumban 2024 ta bar Asheville kusan wata biyu babu ruwan famfon sha.

Ko a Greensboro ba ka zama ba mota, balle ƙauye inda bas ba ya zuwa. Nan jihar sai ka nuna takardar inshora kafin a ba ka cikakken lasisin tuƙi. Kowace shekara za a duba lafiyar motar, sannan ka biya harajin gunduma tare da kuɗin sabunta lamba a lokaci ɗaya. Ka sa wannan a lissafi tun kana gida, ka turo mini sunan garin.