Amosani da karyewar gashi: yadda nake kwatanta abin da ke cikin kwalaben

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce fatar kanki tana ƙaiƙayi, amosani yana zubo miki, gashin kuma yana karyewa, sannan kina da abubuwa uku a hannu da kike son a zaɓa miki ɗaya: shamfu da aka rubuta wa "babu salfet" (salfet sinadarin wanki ne mai kumfa), da wani mai da aka ce haɗin man zaitun ne da man zurma da rozmeri, da kuma man gashi mai kauri irin na basilin. Amsata ita ce ba za a iya zaɓar ɗaya ba, domin matsala biyu kika kawo. Fatar kai tana da rai, tana fitar da maiƙonta, tana kumbura, tana kamuwa da cuta. Silin gashi kuwa da zarar ya fito daga fata ba ya gyara kansa, iyakar abin da za a yi masa shi ne a kare shi. Abin da ke amfanar ɗayansu sau da yawa yakan dami ɗayan.

Ki juya kowace kwalba ki bar rubutun gaba, domin wannan talla ne. Jerin da ke baya shi ne abin dubawa, kuma ƙa'idar da Amurka da Tarayyar Turai da ƙasashe da dama ke bi ita ce a jera sinadaran daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su ne aka yarda a rubuta su yadda aka ga dama a ƙarshe. Saboda haka sunaye biyar na farko su ne ainihin abin da kika saya. Na sha ɗaukar kwalbar da aka zana mata hoton kwakwa ko na ganye a gaba, in juya in tarar ruwa ne na farko, mineral oil (man da ake tacewa daga ɗanyen fetur) na biyu, man da ake tallar kuwa yana can ƙasa bayan turare da sinadarin hana lalacewa. In kin ga sunan abu ya zo bayan parfum (turare) ko phenoxyethanol (sinadarin hana lalacewa), ki ɗauka ɗigo ne kawai aka sa.

Game da fatar kan, ki fara tantance abin da ke zubowa. Ki ɗan kankaro shi ki murza tsakanin yatsu biyu a wuri mai haske. Idan ƙanana ne, farare, busassu kamar gari, kuma fatar tana ɗaurewa bayan wanki, to bushewa ce, wataƙila ma shamfun ne ya yi ƙarfi. Idan kuwa manya ne, suna da ɗan rawaya, suna manne wa yatsa da maiƙo, kuma ƙaiƙayin yana tsananta yayin da kan ya daɗe ba a wanke ba, wannan shi ne amosani na gaske. Yana da alaƙa da wata ƙwayar fangas mai suna Malassezia, wadda take zaune a fatar kusan kowa, kuma maiƙo ne abincinta. A ɗakin gwaji ma da man zaitun ake raya wasu nau'o'inta. Shi ya sa mai amosani kan shafa mai a fata ya ga ɓawon ya kwanta kwana ɗaya ko biyu, ya zaci sauƙi ne ya samu, sannan abin ya dawo ya fi na da. Basilin da mineral oil ba sa ciyar da ƙwayar, amma suna liƙe ɓawon da gumi a kan fata, ba sa kuma maganin komai.

Abin da ke maganin amosani sinadarai ne 'yan kaɗan, kuma shamfun da ya ƙunshi ɗaya daga cikinsu yakan rubuta sunansa da adadinsa a fili. Ketoconazole yana zuwa da ƙarfin kashi 1 ko kashi 2 cikin 100, kuma a ganina shi ne ya fi saurin kwantar da ƙaiƙayi mai tsanani, sai dai yana busar da gashi sosai, musamman gashi mai murɗe-murɗe wanda dama maiƙon fata ba ya saurin sauka zuwa bakinsa. Selenium sulfide, mai kashi 1 ko 2.5, yana da ƙarfi shi ma, amma yana da wari, kuma yana iya sauya launin furfura ko gashin da aka rina idan ba a ɗauraye shi sosai ba. Zinc pyrithione ya fi su taushi, shi ya sa ya dace da amosani mara tsanani, kodayake Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun watan Maris na 2022, yayin da Amurka ta ci gaba da yarda da shi. Kamfanoni da yawa sun koma piroctone olamine da climbazole a madadinsa, kuma ga wanda gashinsa ke karyewa irin naki, piroctone olamine ne na fi ganin yana barin gashi da laushi. Salicylic acid aikinsa daban ne: ba ya kashe ƙwayar yadda waɗancan ke yi, ɓawon da ya yi kauri yake sassautawa ya ɓamɓaro shi, don haka mataimaki ne, ba madadi ba.

Yawancin waɗanda suka ce mini sun gwada irin wannan shamfu bai yi musu aiki ba, da na bincika sai in ga yadda suke amfani da shi ne matsalar. Magani ne, yana bukatar lokaci a kan fata. A tsaga gashin a shafa shi a fatar kanta da tafin yatsu, ba da farce ba, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a mako har tsawon mako 2 zuwa 4, sannan a rage zuwa sau ɗaya a mako ko a mako biyu don kada ya dawo. Ba dole ba ne ya taɓa tsawon gashin, kumfar da ke gangarowa ta isa.

Shamfunki na "babu salfet" ba shi da laifi, amma wannan rubutun bai gaya miki ko yana da taushi ba. Gaskiya ne sodium lauryl sulfate yana kwashe maiƙo fiye da kima, sodium laureth sulfate kuma ya ɗan fi shi sauƙi. Sai dai wasu kamfanoni sukan cire salfet su maye gurbinsa da sodium C14-16 olefin sulfonate, wanda ƙarfin wankinsa bai yi ƙasa sosai ba. Masu taushi na gaske su ne irin su cocamidopropyl betaine da decyl glucoside da sodium cocoyl isethionate. Ki lura kuma da cewa mai yawan shafa basilin da sauran mayuka masu kauri, shamfu mai taushi ba zai iya wanke masa su ba, sai su taru sati bayan sati. Irin man da kike shafawa shi ne ke yanke irin sabulun da kike bukata.

Idan aka koma kan gashin, mai ba ya zuba masa danshi, ruwa ne ke yin hakan, mai kuma ya rufe shi ya rage gogayya. Man kwakwa ya bambanta da sauran domin ƙwayoyinsa ƙanana ne, suna iya shiga cikin silin. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya kwatanta shi da man sunflower da mineral oil, ya nuna cewa man kwakwa ne kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi idan an shafa shi kafin wanki ko bayansa. Man kaɗanya da man zurma da basilin a waje suke tsayawa, kuma wannan ba aibi ba ne matuƙar a bakin gashi aka sa su, inda ya fi tsufa da bushewa. Silikon, wanda za ki gani da sunan dimethicone ko amodimethicone, ya sha zagi a wurin mutane fiye da laifinsa. Yana sa mataji ya wuce ba tare da fizga ba, yana kuma kare gashi daga zafin na'urar busarwa, illarsa dai ita ce taruwa idan ba a wanke shi da kyau ba.

Abin da na ga babu a cikin kayanki, kuma shi ne ya fi shafar karyewar, shi ne kwandishina. Ki nemi wanda behentrimonium chloride ko cetrimonium chloride ko behentrimonium methosulfate yake cikin sunayensa na farko, domin su ne ke manne wa wuraren da suka ƙuje a jikin silin su kwantar da su. Na ƙarshen nan, duk da kamannin sunan, ba ya cikin salfet ɗin da ake gudu. Haka cetyl alcohol da cetearyl alcohol, masu kitse ne, suna tausasa gashi. Alcohol denat ne mai busarwa idan ya zo a saman jerin. Furotin irin hydrolyzed keratin yana amfanar gashin da rilaksa ko rini ya raunana, amma idan ya yi yawa sai gashin ya ƙage ya riƙa karyewa da sauƙi.

Zancen tsirar da gashi kuwa, ki duba abin da ke faɗowa a mataji. Dogon sili mai ɗan farin ƙulli a gindinsa daga tushe ya zube, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba cuta ba ce. Gajeren guntu mara ƙulli karyewa ya yi, maganinsa kwandishina ne da tausasa hannu wajen taza da kitso. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, kuma babu hujja mai ƙarfi cewa man zurma yana ƙara wannan saurin. Man rozmeri ya yi suna ne saboda wani gwaji na 2015 da aka yi da mutane 100 tsawon wata shida, wanda ya kwatanta shi da maganin zubar gashi minoxidil mai kashi 2, kuma maza masu sanƙon gado aka yi shi da su, don haka bai isa a gina babban alkawari a kansa ba. Minoxidil ne ke da shaida mafi yawa, shi ma sai ya ɗauki watanni kafin a ga tasirinsa, idan an daina kuma gashin ya koma yadda yake, ba a kuma amfani da shi a lokacin ciki ko shayarwa.

Wani lokaci ƙaiƙayin daga kayan da kansu yake. Turare da methylisothiazolinone (sinadarin hana lalacewa) da sinadarin PPD na cikin baƙin rini suna daga cikin waɗanda suka fi tayar da fata. Idan kina sa rilaksa, ki sani cewa wanda ke da sodium hydroxide da wanda aka rubuta wa "no-lye" duka suna iya ƙona fata, na biyun kuma yakan bar gashi a bushe. Kada ki sa kowannensu a kan fatar da ke ƙaiƙayi ko take da ƙujewa.

Da ni ce, zan ajiye man haɗin nan daga fatar kai gaba ɗaya, in riƙa shafa kaɗan a bakin gashi kawai. Basilin ɗin ma haka. Zan sayo shamfu mai ketoconazole ko piroctone olamine don fata, in bar wancan na "babu salfet" don wankin da ke tsakani, in biyo kowane wanki da kwandishina. Kada ki sauya komai bayan wannan har wata guda, don ki iya gane abin da ya yi aiki. Idan wata ya cika babu sauƙi, ko kika ga ɓawo mai kauri fari da jan fata a ƙarƙashinsa, ko ƙuraje masu mugunya, ko wurin da gashi ya kwashe a zagaye, ki je wurin likitan fata. Makero musamman ba ya warkewa da shamfu kaɗai, sai an sha magani irin griseofulvin ko terbinafine na makonni, kuma likita ne zai rubuta shi.